Lallen aure a Suki: kimiyyar da ke cikin ƙunshi da haɗarin baƙin rini

A Amurka da Turai wasu ma'aurata kan zuba ruwan sinadari iri biyu a kwalba ɗaya ranar biki, launinsa ya sauya, a matsayin alamar sun zama ɗaya. Hausawan Suki, a jihar Sennar ta Sudan, sun daɗe da irin wannan alama a bikinsu: lalle.

Hausawa da Fulani sun zauna a gaɓar Shuɗin Nilu ne ta hanyar aikin hajji da hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kai ga kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. A can al'adar ƙunshin amarya ta tarar da ta Sudan, inda ango ma ake yi masa daren lalle.

Ganyen lalle na ɗauke da sinadarin loson. Idan aka kwaɓa garin da ruwa ko lemun tsami, sinadarin kan fito ya kama keratin, wato furotin da ke cikin fata, farce da gashi. Shi ya sa wanki ba ya cire shi, sai fatar sama ta sabunta cikin makonni biyu zuwa uku. Tafin hannu da na ƙafa sun fi kama shi saboda kaurin fatarsu. Launin kan fara da ruwan goro, ya yi duhu cikin kwana biyu.

Lalle na gaskiya ba ya yin baƙi ƙirin. Baƙin zanen da ke kamawa cikin ƙanƙanin lokaci yawanci an haɗa shi da PPD, sinadarin rinin gashi da ake kira sibga a Sudan. Yana iya haddasa ƙaiƙayi, kumburi, ƙuraje masu ruwa da tabo, kuma jikin da ya taɓa ƙin sa yakan ci gaba da ƙin sa har abada. Idan aka haɗiye shi yakan kumbura maƙogwaro, ya lalata ƙoda. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince a shafa shi a fata ba.

Don haka ya kamata dangin amarya su tambayi mai ƙunshi abin da ta kwaɓa, su nisanta rinin daga yara, su kuma garzaya asibiti da zarar fata ta fara zafi ko numfashi ya yi wuya.