"Yaya Jiki?": Yadda Bayanin Mai Ciwon Daji Ke Yi Wa Likita Jagora

Ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa, yana kama fiye da mutum dubu 120 kowace shekara a Nijeriya, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022. Waɗanda suka fi yawa su ne na nono, da na bakin mahaifa, da wanda ke kama maza a ƙarƙashin mafitsara. Maganinsa kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, kuma shi kansa maganin yana da wahalarsa. Manufar wannan ɗan littafi ita ce a fahimtar da jama'a yadda ake auna halin da majiyyaci ke ciki a tsawon wannan jinya, da yadda ake tsara bayanin don ya yi wa likita amfani.

Abin da na'ura ba ta gani

Likita yana da awon jini, yana da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki. Waɗannan suna nuna masa ko ƙarin ya ragu ko ya ƙaru. Amma babu na'urar da za ta gaya masa cewa majiyyaci ya kwana uku bai runtsa ba, ko ya koma yin salla a zaune, ko kuwa tunanin kuɗin magani ya hana shi cin abinci. Waɗannan abubuwa su ne masana ke kira ingancin rayuwa. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

A al'adarmu, idan aka ce wa mara lafiya "Yaya jiki?" sai ya ce "Da sauƙi," ko da kuwa yana cije baki. Wannan haƙuri ne da kyautata zato ga Allah, abin yabo ne a gaisuwa. Amma a gaban likita, "da sauƙi" na iya rufe ciwon da ke da magani.

Yadda ake aunawa

Cikin 1948 wani likitan Amurka, Dokta David Karnofsky, ya fito da ma'auni daga 100 zuwa 0 na ƙarfin jikin majiyyaci. Amma likita ne ke ba da makin. Daga baya bincike ya nuna cewa likitoci sukan ɗauki zafi da gajiya da tashin zuciya ƙasa da yadda mai su ke ji. Saboda haka aka koma ga tambayar majiyyaci da kansa.

Cikin 1991 likitocin birnin Edmonton na Kanada suka tsara gajeriyar takarda wadda daga baya aka gyara ta yadda majiyyaci ke auna abubuwa tara, kamar zafi da gajiya da ɗaukewar numfashi. A yau ana cika ta da maki daga 0 zuwa 10. Cikin 1993 kuma Ƙungiyar Turai ta Binciken Ciwon Daji ta fito da takarda mai tambaya 30, mai suna QLQ-C30. Yawancin tambayoyinta a kan makon da ya wuce ne: barci, cin abinci, aiki, damuwa, zumunci, har da matsin kuɗi. Ana mai da amsoshin maki daga 0 zuwa 100.

Lamba kaɗai ba ta isa ba

A nan ne wuyar aikin take. Likitan da marasa lafiya suka yi masa layi a bakin ƙofa ba shi da lokacin karanta amsa talatin. Idan aka miƙa masa tarin lambobi, takardar za ta kwanta cikin fayil, wahalar majiyyaci ta tafi a banza.

Maganin wannan kuwa ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Kowace uwa ta san katin awon yara. Wani likitan yara, Dokta David Morley, shi ya ƙirƙiro shi sa'ad da yake aiki a Imesi-Ile da Ilesha, cikin Jihar Osun ta yanzu, a ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960, daga nan ya bazu a duniya. Ana sa ɗigo kowane zuwa, a haɗa ɗigon da layi. Idan layin ya hau, yaro na girma. Idan ya kwanta ko ya sauka, uwar da ba ta yi boko ba ma ta san da matsala. Gani ya kori ji. Haka ake so a yi da bayanin mai ciwon daji, bisa ƙa'idoji huɗu.

1. A nuna tafiyar makin, ba na rana guda ba. Alal misali, a ce wata baiwar Allah ta ba zafinta maki 3 a zuwan farko, 4 a na biyu, 7 a na uku. Lambar 7 ita kaɗai labari ne, amma layin da ya tashi daga 3 zuwa 7 gargaɗi ne.

2. A fayyace ko hawa alheri ne. A takardar QLQ-C30, maki mai yawa a sashen ƙarfin jiki yana nufin sauƙi, amma a sashen zafi yana nufin tsanani. Wannan na rikita hatta likitoci. Masu bincike a Amurka da Kanada, ƙarƙashin Farfesa Claire Snyder da Dokta Michael Brundage, sun gano cewa an fi karanta zanen daidai idan hawa na nufin sauƙi a kowane sashe. Ko yaya aka zana, lalle a rubuta "sauƙi" da "tsanani" a gefen zanen.

3. A yi wa wurin haɗari alama. A zagaye makin da ya yi muni da jan biro, ko a ja layin iyaka, domin idon likita ya fara sauka a can.

4. A san canjin da ya kai a kula. Wani bincike na 1998 da Dokta David Osoba ya jagoranta ya nuna cewa a ma'aunin 100, canjin maki 5 zuwa 10 ƙarami ne, 10 zuwa 20 matsakaici, fiye da 20 kuwa babba.

Ba dole sai da kwamfuta ba. Kati da biro sun wadatar, muddin an cika shi kafin a shiga wurin likita, an kuma ajiye shi a saman fayil.

Wace riba aka samu?

Cikin 2017 aka bayyana sakamakon wani gwaji da Dokta Ethan Basch ya jagoranta a asibitin Memorial Sloan Kettering na Amurka, a kan mutum 766 waɗanda ciwonsu ya riga ya bazu. An raba su biyu. Kashi ɗaya suna ba da rahoton alamomi 12 a kai a kai, kuma da zarar wata ta tsananta sai saƙo ya isa ga ma'aikatan jinya. Ɗaya kashin aka bar su a kan yadda aka saba. Rabin masu ba da rahoto sun wuce wata 31 a raye, a ɗaya kashin kuwa wata 26. Har wa yau sun fi jure maganin, zuwansu sashen gaggawa kuma ya ragu. Ba sabon magani aka ba su ba. Kukansu ne ya isa da wuri, aka kuma amsa shi.

Abin da ake bukata daga jama'a

Ya kai majiyyaci, idan aka ba ka irin wannan takarda, ka amsa tsakaninka da Allah. Babu amsar da ta fi wata daidai, kuma faɗin gaskiya ba raki ba ne. Matsalar kwanciyar iyali, ko fitsari, ko baƙin ciki, duk abin faɗa ne. Likita ma'ajin sirri ne.

'Yan'uwa masu jinya, idan majiyyaci ba ya karatu ku karanta masa, amma ku rubuta amsarsa, ba taku ba. Kada miji ya amsa wa matarsa, ko ɗa ya amsa wa mahaifinsa.

A asibitin da ba a ba da takardar, ku sami ɗan littafin rubutu. Kowane mako ku rubuta kwanan wata, da makin zafi, gajiya, barci da cin abinci daga 0 zuwa 10, inda 10 ke nufin matuƙar tsanani, ku tafi da shi ranar ganin likita. Idan maki ya yi tsalle, kada ku jira ranar. Ku koma asibiti.

Ma'aikatan lafiya kuma, duk wanda ya karɓi takarda ya duba ta a gaban mai ita, ya yi magana a kan wurin da aka zagaye. Majiyyacin da ya ga an karanta amsarsa, shi ne zai sake faɗin gaskiya a zuwa na gaba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.