Zoben da Ke Ƙafar Tsuntsu

Lokacin da ake yankan gero a ƙasar Hausa, dazuzzukan Suwidin da Finlan da arewacin Rasha sun fara zubar da ganye, dare yana ƙara tsawo, ƙwari suna ɓacewa. Tsuntsun da abincinsa ƙwari ne ba shi da zaɓi sai ya kama hanyar kudu. Daga watan Agusta zuwa Oktoba miliyoyinsu ke tashi, kuma a nan ne masu sa wa tsuntsaye zobe suke shan aiki.

Wani malamin makaranta ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Mortensen, shi ya fara wannan aiki a tsare a 1899. Ya yanka ƙananan zobba na alminiyom, ya buga wa kowanne lamba da adireshi, ya ɗaura wa tsuntsaye a ƙafa. A 1901 aka buɗe tashar binciken tsuntsaye ta Rossitten a gaɓar tekun Baltik, wadda yau ake kira Rybachy, sannan ta Ottenby a tsibirin Öland na Suwidin a 1946. Ba banza aka zaɓi irin waɗannan wurare ba. Tsuntsun daji ba ya son tsallaka ruwa, saboda haka yakan bi gaɓa har sai ƙasa ta ƙare masa, ya taru da dubban 'yan uwansa a ɗan tsukakken wuri.

Tun kafin gari ya waye ake kafa raga mai siririn zare tsakanin itatuwa, wadda ido da ƙyar yake ganinta. Ana zagaya ta a kai a kai, don tsuntsun da ya daɗe a maƙale sanyi na iya kashe shi. A ciro shi, a jefa a 'yar jakar ƙyalle, a kai tebur. Mai aikin zai tantance irinsa da shekarunsa, ya auna fiffike, ya ɗora shi a sikeli, ya hura gashin ƙirjinsa don ya ga yawan kitsen da ya tara. Kitsen nan shi ne guzurinsa. Akwai ɗan tsuntsun da nauyinsa bai kai giram 10 ba, amma da wannan guzuri yake ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara. Cikin 'yan mintoci an maƙala zobe an sake shi. Ba kowa ake bari ya yi ba, sai wanda ya samu horo da lasisi. Su kuwa masu kallo da tabarau mai jawo nesa, nasu ƙidaya ne: a Falsterbo, can ƙarshen kudancin Suwidin, sukan yini a tsaye suna lissafa shaho da shirwa masu wucewa.

Wahalar tana da yawa, ribar kaɗan. A cikin ƙananan tsuntsaye, sau da yawa ko ɗaya cikin ɗari ba a sake jin ɗuriyarsa. Amma wannan ɗayan shi ke nuna hanyar da suke bi, da inda suke yada zango, da tsawon rayuwarsu. Ta haka aka gane cewa farin Sahel na ƙarshen shekarun 1960 ya rage yawan wasu tsuntsayen da ke ƙyanƙyasa a Ingila.

Ga inda abin ya shafe mu. Da dama daga cikin baƙin nan a fadamar Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Chadi suke cin rani, kuma cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos tana sa musu zobe a nan gida. Masunci ko yaro mai danƙo yakan kama tsuntsu da ƙarfe a ƙafa, sai a shiga raɗe-raɗin asiri ko leƙen asiri. Ba mu kaɗai ba ne: a 2013 an tsare wani tsuntsu ɗan uwan shamuwa a ofishin 'yan sanda a Masar saboda na'urar bincike da ke jikinsa. Zoben ba azurfa ba ne, ba ya kuma ɗauke da komai sai lamba da adireshi mai sunan gari, irin su Stockholm ko Helsinki ko London. Wanda ya tsinci irinsa ya rubuta lambar daidai, da ranar, da sunan ƙauyen, ya aika ga wannan adireshi ko ya kai wa ma'aikatan gandun daji. Idan tsuntsun yana da rai, a bar masa zobensa a sake shi. Yawanci ofishin da ya ba da zoben yakan aiko da amsa, ya faɗi inda aka ɗaura shi da shekarar.