Amfani da Maganin Katako Wajen Yaƙi da Ƙumar Kaji a Akurki

1.0 Gabatarwa

Kiwon kaji tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, musamman a tsakanin mata, waɗanda sukan sayar da kaza ko ƙwai domin biyan ƙananan buƙatun gida. A da, akurkin laka aka fi sani, amma yanzu da yawa daga cikin masu kiwo a birane da ƙauyuka sun koma ga akurkin katako da waya. Wannan sauyi ya ƙara wa wani tsohon maƙiyin kaza wurin ɓuya, wato ƙuma. Wannan darasi zai yi bayani a kan yadda ake shafa wa katakon akurki magani domin kashe ƙuma, da dalilin da ya sa dabarar take aiki, da kuma haɗarin da ke tattare da ita.

2.0 Mece ce Ƙumar Kaji?

Bahaushe yakan kira ƙananan ƙwari iri-iri masu cizon kaji da sunan ƙuma. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce jar ƙuma, wadda masana kimiyya suke kira Dermanyssus gallinae. 'Yar uwar kaska ce da gizo-gizo, domin babbarta tana da ƙafafu takwas, kuma tsawonta bai wuce milimita 1 ba. Kafin ta sha jini launinta ruwan toka ne, idan ta ƙoshi sai ta koma ja.

Abin da ya bambanta ta da ƙwarƙwatar kaji shi ne ba ta zama a jikin kaza. Da rana takan laɓe a cikin tsagar katako, da mahaɗar da kafinta ya buga ƙusa, da ƙarƙashin busasshen kashin kaji. Idan dare ya yi sai ta fito, ta hau kazar da ke barci, ta sha jini na kimanin awa ɗaya, sannan ta koma maɓoyarta kafin gari ya waye. A can take yin ƙwai, wanda yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 2 zuwa 3. A lokacin ɗumi, kwana 7 kacal sun isa ƙwai ya zama babbar ƙuma mai haihuwa. Bugu da ƙari, tana iya rayuwa har kimanin wata 8 ba tare da ta sha jini ba. Saboda haka, kwashe kaji daga akurki na 'yan makonni ba ya kawar da ita.

3.0 Alamomi da Illoli

Kazar da ƙuma ta addaba takan rame, zankonta ya yi fari saboda ƙarancin jini, ƙwanta ya ragu. Kaji sukan ƙi shiga akurki da magariba, mai kwanci kuma takan tashi ta bar ƙwanta ya lalace. 'Yan tsaki kuwa suna iya mutuwa. Haka kuma ƙumar tana ɗaukar ƙwayar cutar salmonela daga wannan kaza zuwa waccan, tana kuma cizon mutum ta bar masa ƙaiƙayi. Hanya mafi sauƙi ta gano ta ita ce a shiga akurki da tocila da dare, a goga farin ƙyalle a ƙarƙashin sandar da kaji suke kwana a kai. Idan aka ga ɗigon jini a ƙyallen, to ƙuma ta samu wurin zama.

4.0 Dalilin Shafa wa Katako Magani

Masu iya magana kan ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun da gidan ƙuma tsagar katako ce, wanda ya barbaɗa wa kaza magani ya bar akurki bai yi komai ba. A kan wannan fahimta ce manoman Turai da Amurka suka daɗe suna shafa wa akurkinsu maganin katako, musamman wanda ake kira kiriyosot. Shi dai kiriyosot wani baƙin mai ne mai ƙarfin wari da ake tacewa daga kwaltar gawayin kwal. Asalin aikinsa shi ne hana ruɓewa da ɓarnar gara a katakon layin dogo da turakun wayar lantarki.

Maganin yana yi wa ƙuma illa ta hanyoyi uku. Na farko, yana ratsa katako ya kai can cikin tsagar da ruwa ko hoda ba sa kaiwa. Na biyu, maiƙonsa yana lulluɓe jikin ƙuma ya toshe kafofin numfashinta, gubarsa kuma ta kashe ta. Na uku, ba ya saurin gushewa, don haka katakon yakan daɗe bai karɓi sabuwar ƙuma ba. Wannan daɗewa ita ce amfaninsa, ita ce kuma aibinsa.

5.0 Haɗarin da Ke Ciki

Kiriyosot yana ƙona fatar mutum, tururinsa kuma yana cutar da ido da huhu. Hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa sankara. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana sayar da shi ga jama'ar gari tun daga shekarar 2003, aka taƙaita amfani da shi ga ƙwararru. Ga kaji kuwa, ɗanyen shafi yakan ƙona tafin ƙafarsu, warinsa kuma ya shiga ƙwai.

Abin da ya faru a Turai a shekarar 2017 ya isa darasi. An gano cewa an haɗa wani maganin ƙwari mai suna fifronil cikin ruwan da ake feshe gidajen kaji da shi domin kashe jar ƙuma a ƙasashen Holan da Beljiyam, alhali an haramta amfani da shi ga dabbobin da ake ci. Maganin ya ɓulla a cikin ƙwai, aka janye miliyoyin ƙwai daga kasuwa, aka kuma rufe gonaki masu yawa. Ke nan, abin da aka shafa wa akurki yana iya ƙarewa a cikin kwanon abincin iyali.

Wannan gargaɗi ya shafi masu kiwo a nan gida ma. Wasu sukan shafa wa akurki baƙin man da aka juye daga mota, ko maganin garar da kafintoci suke amfani da shi a rufin ɗaki. Baƙin mai yana ɗauke da ƙarafa da sinadarai masu guba, shi kuwa maganin gara ba domin ɗakin dabba aka yi shi ba. Abin da ya dace shi ne a nemi shawarar likitan dabbobi ko malamin gona, a karanta bayanin da ke jikin gwangwani, a kuma tabbatar yana ɗauke da lambar rajistar hukumar NAFDAC.

6.0 Matakan Aikin

Idan an sami maganin da aka amince da shi, akan bi waɗannan matakai:

i. A kwashe kaji, da kwanukan abinci da na ruwa, zuwa wani wuri na dabam.
ii. A share dusar katako da kashin kaji, a ƙone su nesa da akurki.
iii. A kankare katako, a wanke da ruwan zafi da sabulu, a bar shi ya bushe a rana. Zafin da ya haura digiri 45 a ma'aunin Salshiyos yana kashe ƙuma.
iv. Mai aikin ya sa safar hannu da takunkumi, ya yi shafin da burushi a sarari, yana mai da hankali ga mahaɗai da bakin sandar kwana.
v. Kada a shafa wa wurin da ƙwai yake taɓawa.
vi. Kada a mayar da kaji sai katako ya bushe sarai, wari ya gushe, ko da hakan zai ɗauki makonni.
vii. A sake dubawa bayan kwana 7, domin ƙwan da ya tsira ya riga ya ƙyanƙyashe.

Abin lura a nan shi ne, akwai ƙumar da ba ta barin jikin kaza da sheƙarta, akwai kuma wadda take shiga ƙarƙashin ɓawon ƙafa. Shafin katako ba ya maganin waɗannan, sai an yi wa kazar kanta magani.

7.0 Kammalawa

Maganin katako yana kashe jar ƙuma ne saboda yana cin mata a inda take ɓuya, amma guba ce da take iya komawa kan kaza da mai ita. Rigakafi ya fi magani. Akurkin da aka ƙera da katako mai santsi, aka toshe tsagoginsa, aka shafe shi da farar ƙasa, ake kuma share shi kowane mako, ba safai yake buƙatar magani mai ƙarfi ba. Na laka kuwa yaɓe yake so a kai a kai. Haka nan tara wa kaji toka da yashi su yi birgima yana rage ƙwarin jikinsu. Malamin da ya fahimci wannan zai iya isar da shi ga ɗalibansa, su kuma su kai shi gidajen iyayensu, inda kiwon yake.

8.0 Auna Fahimta

1. Mene ne bambancin jar ƙuma da ƙwarƙwatar kaji?
2. Kawo hanyoyi uku da maganin katako yake kashe ƙuma.
3. Wane darasi mai kiwo zai koya daga abin da ya faru a Turai a shekarar 2017?
4. Yi bayanin yadda karin maganar da aka kawo a sashe na 4.0 ta dace da wannan batu.