Hayar ɗakin sana'a: a duba da kyau, a rubuta takarda

Korahane komin ce ta karkara cikin departaman Dakoro, jahar Maraɗi. Tun shekara ta 2002 doka ta ba ta wannan matsayi. Mutanenta manoma ne da makiyaya. Suna noma hatsi, dawa da wake. Suna kiwon shanu, tumaki, awaki da raƙuma. Amma noma da kiwo kaɗai ba kullum suke riƙe gida wata 12 ba. Shi ya sa bayan girbi ake neman sana'ar rani: ɗinki, saida iri da taki, saida dusa da maganin bisashe, cajin salula, ko biro na aika kuɗɗi inda iyali ke amsar saƙon ƴan cin rani.

Kowace sana'a cikin waɗanga tana son ɗaki. Ba kowa ke da halin gini ba, sai haya. To nan ne ake yawan faɗuwa. Mutum ya saida bijimi ya haɗa jari, ya kama ɗakin da ya fara gani. Kahin shekara ta kewayo, ruwa ya ɓata kaya, ko mai ɗaki ya ce a tashi. Jari ya tahi, bijimi bai dawo ba. Abu huɗu ke tsare mutum daga wannan hasara: wuri, gini, lissahi da takarda.

WURI

Kowace sana'a da wurinta. Mai saida dusa da maganin bisashe ya nemi ɗaki kusa da kasuwar dabbobi ko hanyar rijiya. Can makiyaya ke bi. Tela ya nemi cikin gari, inda mata ke iya zuwa ba tare da ratsa taron maza ba. Mai biro na aika kuɗɗi ya nemi bakin hanya, kusa da tasha, inda idon jama'a yake. Ya shiga cikin ɗakin da salularsa, ya ruhe ƙyaure, ya ga in rezo na kamawa.

Gani ya kori ji. Mai neman haya ya zauna ƙofar ɗakin yini biyu: ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa. Ya ƙidaya masu wucewa. Ranar kasuwa ɗaya ce cikin kwana bakwai, kuɗɗin haya kuwa na kwana bakwai ɗin ne duka. Ya kuma tambayi maƙwabta: wa ya zauna nan da, kuma mi ya tashe shi?

GINI

Galibi da rani ake kama haya, lokacin da kowane ɗaki ke da kyau. Sai a dube shi da idon damana. A ƙasarga hadari daga gabas yake tasowa. Bangon gabas shi ke shan ruwa, don haka shi za a fara dubawa. Ƙofar da ta dubi gabas tana shigo da ruwa da ƙura.

A ɗaga kai a dubi ruhi. Tabon ruwa jikin bango shaidar yoyo ne. A ƙwanƙwasa itacen ruhi da sanda. In gari ya zubo, gara ta ci shi. A dubi indararo, a ga inda yake zubda ruwa. In ruhin kwano ne, a ruhe ƙyaure da rana tsaka: duk inda haske ya shigo, ruwa ma zai shigo. A tuna kuma ɗakin kwano yana da zahi da bazara, zahi kuwa yana kashe ƙarhin maganin bisashe, yana lalata iri.

A dubi daɓe. In ya hi hanya zurhi, ruwa zai kwanta ciki. A dubi gindin bango saboda ramin kusu. A jijjiga ƙyaure, a sa sabon kwaɗo tun ranar farko.

LISSAHI

Ciniki ba ɗaya yake ba cikin shekara. Da kaka akwai kuɗɗi hannun mutane. Da damana manoma na gona, rumbu ya yi ƙasa, makiyaya sun yi arewa da bisashe. Amma haya ba ta san damana ba.

Ga misali. Ɗaki na jikka 5 a wata, wato dala 1000, ya kama jikka 60 a shekara. In sana'a na tahiya sosai wata 6 kaɗai, to kowane watan ciniki sai ya hidda jikka 10 na haya, kahin a yi zancen riba. Bayan haka ga patanti, ga kuɗɗin mai gadi, ga gyara. Wanda ya ga lissahinsa bai kai ba, ya fara da rumfa, ko ya nemi hayar wata 6. Araha ba ta ado, amma ɗaki mai tsada shi ma yana cinye jari.

TAKARDA

Da yawa na jin kunyar neman takarda wurin ɗan uwa ko maƙwabci. Takarda ba rashin yarda ba ce. Ita ke tsare zumunci ranar da aka manta abin da aka faɗi. A rubuta:

1. Sunan mai ɗaki da sunan mai haya.
2. Inda ɗakin yake da sana'ar da za a yi ciki.
3. Kuɗɗin wata da ranar biya.
4. Kuɗɗin da aka ba da gaba, da yadda za a maida su.
5. Ranar shiga, da tsawon haya in an yanka.
6. Gyaran da aka yarda mai haya ya yi.

A sa hannu gaban shaidu biyu da mai gari. Kowa ya riƙe kwahi ɗaya. Duk watan da aka biya, a amshi rasit, ko mai ɗaki ya sa hannu cikin kaye. A tabbata kuma wanda ya ba da hayar shi ke da iko. In ɗakin gado ne, a ji bakin sauran magada.

ABIN DA DOKA TA CE

Nijar na cikin ƙasashe 17 na Afirka masu dokar kasuwanci guda, ta ƙungiyar OHADA. Dokar 1997 ta tsare masu hayar ɗakin sana'a cikin garuruwan da suka wuce mutum 5000 kaɗai. Ranar 15 ga disamba 2010, a Lome, aka sake ta, aka cire wannan iyaka. Tun 2011 mai sana'ar ƙauye da na birnin Maraɗi doka ɗaya ke bisa kansu.

Ga abin da ya kamata kowa ya sani. Haya ta baki ma haya ce, amma in ba takarda, ana ɗaukar ta a matsayin marar wa'adi. Irin wannan, wanda ke son ƙare ta sai ya sanar da ɗan uwansa wata 6 kahin lokaci, ta hanyar da za ta nuna saƙon ya isa. Babban gyara, kamar bango da ruhi, na mai ɗaki ne. Ƙaramin gyara na yau da gobe na mai haya ne. In an saida ɗakin, ko mai shi ya rasu, haya ba ta mutu ba.

Wanda ya shekara 2 yana sana'arsa cikin ɗaki bisa ƙa'ida, yana da hakkin a sabunta masa. In hayar mai wa'adi ce, ya nemi sabuntawa wata 3 kahin ta ƙare, in ba haka ba hakkinsa ya faɗi. In mai ɗaki ya ƙi ba tare da hujjar da doka ta yarda da ita ba, sai ya biya diyya.

Mai haya shi ma da nasa nauyi. Ya biya kan lokaci. Kar ya sake sana'a, kar ya saka wani cikin ɗakin, sai da yardar mai shi. Wanda ya ƙi biya, ana yi masa gargaɗin wata 1, daga nan alƙali na iya hidda shi.

In saɓani ya taso, a fara da sulhu wurin mai gari. In bai yiwu ba, sai gidan shari'a na Dakoro. Can abin da za a fara tambaya shi ne takarda da shaidu. Wanda ya koyi karatu da rubutu, ga wurin anfani da su. Ya karanta da kansa kahin ya sa hannu, ya kuma karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna.