Rayuwar Jimi Hendrix Kafin Ya Shahara

Bisa ga al'ada, makaɗi ba ya zama mai gindin kansa sai ya daɗe yana bin wani, yana amshi ko yana ɗaukar kayan kiɗa. Haka abin yake a kiɗan zamani na Amurka da ake kira rok, kuma tarihin Jimi Hendrix ya isa misali.

An haifi Hendrix a birnin Siyatil a cikin shekara ta 1942. Yana da shekara 15 ya sami jitarsa ta farko, wadda aka saya dala 5. Da yake bahago ne, sai ya riƙa juya jitar yana sake jera tsirkiyoyinta don su dace da hannunsa. Ƙungiyarsa ta farko ita ce Velvetones, daga bisani ya shiga Rocking Kings. A 1961 ya shiga aikin soja, inda ya haɗu da Billy Cox. Bayan an sallame shi a 1962 suka kafa King Kasuals a jihar Tenesi.

Shekarun da suka biyo baya su ne suka fi muhimmanci. A lokacin wariyar launin fata tana da ƙarfi a kudancin Amurka, saboda haka makaɗan baƙar fata suna da nasu gidajen rawa da suke kewayawa. Nan Hendrix ya zama ɗan rakiya, watau mai kaɗa wa wani jita a bayan fage. A 1964 ya bi Isley Brothers, sa'an nan ya koma wajen Little Richard. Amma zaman bai ɗore ba, aka kore shi a 1965. An ce makara ce da yawan wasa da jita a gaban jama'a suka jawo haka. Ubangida kuwa ba ya son yaron da ke ɗauke masa hankalin 'yan kallo. Duk da haka, a wannan yawo ne ya ƙware wajen riƙe kari da sanin abin da ke motsa taro.

Talauci ma ya yi masa illa. A watan Oktoba na 1965, lokacin yana tare da Curtis Knight, ya sa hannu a wata yarjejeniya da Ed Chalpin a kan dala 1 da kashi 1 cikin 100 na cinikin faifai. Wannan takarda ta jawo shari'ar da ta bi shi har bayan rasuwarsa.

Sai a 1966 ya shugabanci ƙungiyar Jimmy James and the Blue Flames a Niyok. A can Chas Chandler ya ji kiɗansa, ya tafi da shi Landan a watan Satumba, aka haɗa shi da Noel Redding da Mitch Mitchell. Shekara 4 kacal ya yi cikin ɗaukaka, ya rasu a 1970 yana da shekara 27.