Ta Ina Maganin Antibayotik Ke Kama Bakteriya?

Idan ka tsaya a kemis a Kabara, ko wata unguwa a cikin birnin Kano, da wuya ka daɗe ba ka ji wani ya ce "a ba ni ja da yalo" ko "Ampiclox guda huɗu" ba. To, me waɗannan kafso ke yi idan sun shiga jiki?

Bakteriya halitta ce mai rai, ƙwaya ɗaya tal, kuma tana da wasu kayan aiki da suka bambanta da namu. Nan ne maganin ke kai hari, ya bar ƙwayoyin jikinka lafiya. Manyan wuraren guda huɗu ne.

Na farko, ganuwa. Kamar yadda badala ta kewaye birni, haka bakteriya ke da katanga mai ƙarfi da ke hana ta fashewa. Kullum cikin gini da gyara take yayin da take girma. Fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928, da danginsa irin su Amoxicillin da Ampiclox, suna ɗaure hannun maginan ne. Katanga ta yi rauni, ruwa ya kutsa, ƙwayar ta kumbura ta fashe. Mu ƙwayoyinmu ba su da wannan katanga.

Na biyu, injin haɗa furotin da ake kira raibozom. Mu ma muna da shi, amma ƙirar ta bambanta. Tetracycline, wato ja da yalo, da Erythromycin nan suke maƙalewa. Lokacin annobar mashaƙo ta 2023, wadda ta fi ƙamari a jihar Kano, Erythromycin na cikin abin da likitoci suka riƙa bayarwa: yana tsayar da ƙwayar da dafin da take ƙerawa. Amma dafin da ya riga ya fita sai allurar karya dafi, shi ya sa jinkirin zuwa asibiti ke kisa.

Na uku, DNA. Kafin bakteriya ta rabu biyu sai ta kwafe shi. Ciprofloxacin, da ake yawan sha don taifot, yana toshe sinadarin da ke warware zaren, sai ya tsinke.

Na huɗu, sinadarin folet. Kai kana samunsa a alayyahu da wake, amma yawancin bakteriya dole su haɗa nasu. Septrin ya datse wannan hanyar.

Yanzu ka ga dalilin da ya sa antibayotik ba ya maganin mura: bairos ke kawo ta, shi kuwa ba shi da ganuwa, ba shi da raibozom. Babu abin da maganin zai kama.

Sai dai ita ma bakteriya ba a zaune take ba. Wasu na fitar da sinadari mai farfasa fenisilin, wasu na tunkuɗo maganin waje. Duk sanda ka sha shi ba dalili, masu rauni ne ke mutuwa, masu taurin kai su hayayyafa, su bazu a gida da unguwa. Ran da yaro ya kwanta da gaske, sai a tarar maganin ya daina ci.

Don haka kafin ka ce "a ba ni", bari likita ya duba, sannan ka sha yadda ya rubuta, kuma kada ka raba wa kowa sauran.