Kujerar Alƙali Tsakanin Ƙuri'a da Naɗi: Wa Ya Kamata Ya Zaɓa Mana Masu Yanke Hukunci?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya fara bin magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, darajar ƙasa a wannan yanki ta sauya. Gonar da a da ake nomawa sau ɗaya a shekara ta koma tana ba da shinkafa da damina, ta ba da tumatir da albasa da alkama da rani. A Kumbotso kuwa birni ne ya cimma gonaki: daga Panshekara zuwa Mariri, abin da kakanni suka bari a matsayin gonar dawa yau fuloti ne na miliyoyin naira. Duk inda ƙasa ta yi tsada, rabon gado yakan yi zafi, kuma ƙarshen zafin gaban alƙali ne. Marainiyar da baffanta ya ce mahaifinta ya yi masa kyautar gonar kafin ya rasu ba ta da soja ba ta da ɗan sanda. Abin da take da shi bayan Allah shi ne mutumin da ke zaune a kan kujerar shari'a. Saboda haka hanyar da ya bi ya hau kujerar nan ta shafe ta kai tsaye.

A tsarin da muke kai, shari'ar gado takan fara daga kotun shari'ar Musulunci ta yanki, ta hau zuwa babbar kotun shari'a, sannan ta isa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Jihar Kano. Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba wannan kotu hurumi a kan aure da riƙon yara da wasiyya da kyauta da waƙafi da gado, sashe na 278 kuma ya ce alƙalai aƙalla uku ne za su zauna. Wanda bai gamsu ba yana iya wucewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, daga nan sai Kotun Ƙoli.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan alƙalai da aka zaɓa da ƙuri'a. Sashe na 276 ya ce gwamna ne ke naɗa kadi bisa shawarar Majalisar Harkokin Shari'a ta Ƙasa, wato NJC. Idan Alƙalin Alƙalai ne, wanda aka fi sani da Girandi Kadi, sai an haɗa da amincewar majalisar dokokin jiha. Sharaɗin shi ne ya zama lauya na aƙalla shekara 10 mai shaidar karatun shari'ar Musulunci, ko kuma wanda ya riƙe irin wannan shaida shekara 10 tare da gogewa a aikin ko shahara a ilimin. Alƙalan ƙananan kotuna kuwa Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jiha ce ke ɗaukarsu, ta ladabtar da su, ta sallame su, ƙarƙashin jagorancin Babban Jojin Jiha.

A wasu ƙasashe an bi wata hanya dabam. A Amurka, alƙalan tarayya naɗa su ake yi, amma jihohi kusan 40 cikin 50 suna amfani da ƙuri'a wajen cike wasu kujerun shari'arsu. A jihar Fensilbaniya, alƙalan manyan kotunan ɗaukaka ƙara takara suke tsayawa a faɗin jiha da tutar jam'iyya, wa'adinsu shekara 10. Ƙasar Meziko ta shiga wannan sahu a ranar 1 ga Yuni, 2025, inda aka zaɓi alƙalai har na Kotun Ƙoli, sai dai kashi 13 cikin 100 kacal na masu rajista suka fito. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce alƙalin da ya san jama'a za su iya sauke shi zai ji kunyarsu, kuma ba zai zama ɗan amshin shatan gwamna ba. Hujja ce mai jan hankali ga duk wanda ya taɓa jin an ce wane ya sami kujera ne saboda ubangidansa.

Amma a dubi abin da ƙuri'a ta haifar a can. A jihar Wiskonsin, zaɓen kujera ɗaya tak ta Kotun Ƙolin jiha a watan Afrilun 2025 ya ci kimanin dala miliyan 100. Tun kafin nan, a jihar Bajiniya ta Yamma, shugaban wani kamfanin gawayi da kotu ta ci tarar dala miliyan 50 ya kashe kimanin dala miliyan 3 don ganin wani ɗan takara ya zama alƙali a kotun da za ta saurari ɗaukaka ƙararsa. Ɗan takarar ya ci, ya zauna a shari'ar, aka soke tarar. Sai a 2009 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ya kamata ya janye daga shari'ar tun farko. Idan haka ta faru inda ake bin diddigin kuɗin kamfe, sai mai karatu ya auna yadda za ta kasance a inda ake sayen ƙuri'a da taliya da atamfa. Attajirin da ya sayi gonaki a Kadawa zai iya ɗaukar nauyin motocin yaƙin neman zaɓe. Marainiya kuwa ko katin zaɓe wataƙila ba ta isa yi ba.

Fiƙihun Musulunci ya riga ya hango wannan ɓaraka. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana Abdurrahman ɗan Samura neman shugabanci, ya sanar da shi cewa wanda aka bai wa saboda roƙo akan bar shi da dabararsa, wanda aka bai wa ba da roƙo ba kuwa akan taimake shi. A hadisin Abu Musal Ash'ari ma ya ƙi naɗa mutum biyu da suka nemi a ba su aiki. Takara kuwa gaba ɗayanta roƙo ce da yabon kai da alkawari, alhali alƙali ba shi da abin da zai yi wa kowa alkawarinsa sai bin hujja. Aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ta wajabta tsayar da adalci ko da a kan kai ne ko iyaye ko dangi, aya ta 8 ta Suratul Ma'ida kuma ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai ga zaluntarsu. Wanda makomarsa ke hannun rinjaye zai sha wuyar yanke hukuncin da rinjaye ke ƙi.

Malamanmu na Malikiyya sun keɓe yanayi ɗaya: idan mutum ya san babu wanda ya cancanta sai shi, ko haƙƙoƙi za su salwanta in ya ƙi, to karɓa da nema sun zama wajibi a kansa, kamar yadda Annabi Yusuf (AS) ya nemi a danƙa masa taskokin ƙasa. Haka nan sun yarda jama'ar Musulmi ta tsaya a matsayin alƙali ko ta naɗa shi inda babu shugaba. Amma jama'ar da suke nufi ita ce ma'abota ilimi da adalci, waɗanda suka san sharuɗɗan aikin.

Wannan ba ya wanke tsarin naɗi daga aibi. Kamun ƙafa a ɓoye neman mulki ne kamar takara a fili, har ma ya fi ta muni, domin babu mai gani. Ƙa'idojin naɗin alƙalai da NJC ta fitar a 2014 sun sanya kamun ƙafa cikin abubuwan da ke hana mutum cancanta, sai dai rubuta doka dabam, tsare ta dabam. Magabata gudun kujerar suke yi. Imamu Abu Hanifa ya zaɓi kurkuku a kan alƙalancin da Halifa Mansur ya tilasta masa. Imamu Sahnun bai karɓi alƙalancin Ƙairawan a shekara ta 234 bayan hijira ba sai da aka amince hukuncinsa zai hau kan dangin sarki da fadawansa. Mu ma a Kano muna da gadonmu: a nan Shehu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasihar mulki, a nan Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Liya'ul Hukkam, a nan kuma aka buɗe makarantar horar da alƙalai a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947.

Abin da ke da kyau a cikin zaɓe shi ne jin bakin jama'a, kuma shari'a tana da ƙofarsa, wato tazkiyya. Idan ba a karɓar shaidar mutum a kan awaki biyu sai an bincika halinsa a sarari da ɓoye, wanda zai yi hukunci a kan gadon dubban marayu ya fi cancantar wannan bincike. A 2025 NJC ta fara wallafa sunayen waɗanda ake shirin naɗawa manyan kotuna domin jama'a su faɗi abin da suka sani a kansu. Ya dace hukumar jiha ta yi haka ga alƙalan ƙananan kotunan shari'a, domin su ne talaka ke fara gani. A liƙa sunayen a harabar kotuna da sakatariyar ƙananan hukumomi, a karanta a rediyo, a ba da wa'adi. A yi jarrabawa ta gaskiya a kan Tuhfatul Hukkam da Mukhtasar Khalil da lissafin gado, a bayyana sakamakon. A wadata alƙali da albashi da muhalli har ya daina kallon hannun masu shari'a. A kuma sauƙaƙa samun kwafin hukunci, domin sau da yawa rashinsa ne ke cinye wa'adin ɗaukaka ƙara.

Sauran nauyin yana kan jama'a. Idan aka wallafa suna, wanda ya san alheri ya faɗa, wanda ya san ɓarna ya rubuta da hujja da sunansa, ba don ƙiyayya ko hamayyar siyasa ba. Ɓoye shaida zunubi ne, ƙazafi ma haka. Limamai da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin manoman rani su koya wa mutane rubuta kyauta da wasiyya da cinikin gona a gaban shaidu, domin alƙali, komai adalcinsa, da hujja yake aiki. Masu faɗa a ji kuma su ji tsoron Allah su daina tura sunayen yaransu, su tuna hadisin Buraida da ya kasa alƙalai kashi uku, ɗaya kaɗai ne ɗan Aljanna: wanda ya san gaskiya kuma ya yi hukunci da ita.

Allah Ya ba mu alƙalai masu ilimi da tsoronSa, Ya kare haƙƙin marayu da raunana, Ya shiryi shugabanninmu. Amin.